Igiyar Kalmomi ta Aji Shida

Litinin, 6 ga Mayu, ƙarfe biyu da rabi na rana

Na je makaranta. Hedimasta na ganina ya miƙe tsaye, ya ce, "Haba Malama Salmatu, mi ya fito da ke? Ki koma gida, Malama Lois ta haɗa ajinki da nata." Na ce masa gidan ne ba na iya zama. Tun Juma'a tsakar gidanmu cike take da mata, kowacce ta shigo ta ce Allah ya bayyana, ta zauna ta zuba mini ido. Gara mini hayaniyar yara sittin da uku.

Yau kwana huɗu da aka tare motar Baban Fati a hanyar Kusa, aka shiga daji da shi da mutum biyu. Na rubuta sau ɗaya, ba zan ƙara rubuta shi ba.

Littafin nan na shirin darasi ne, ina rubutu ne daga bayansa. Saura wata ɗaya da 'yan kwanaki 'yan ajina su zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma na san inda suke faɗuwa. Za su karanta maka shafi guda tiryan-tiryan, ka tambaye su me aka ce, su kalli silin. Kalmomi ne ba su da su. Shi ya sa bara na ɗaura igiya a ajin, zubi uku, daga taga zuwa taga. Kowace kalma da ɗan kwalinta: gaba Hausa, baya Turanci, ƙasa jimlar yaron da aka ba shi ita. Dokata ɗaya ce, jimlar ta zama gaskiya, abin da ya faru a gidanku ko unguwarku. Na gaji da "Audu ya tafi kasuwa". Wane Audu? Wace kasuwa?

Baban Fati ne ya buga ƙusoshin. Shi yake tsinto mini kwalayen taliya da masu sauke kaya suke zubarwa a bakin boda, ran Lahadi ya zauna a ƙofar ɗaki ya yanka da wuƙarsa. Bai taɓa yanka ɗaya a miƙe ba, duk a karkace suke. In na yi mita sai ya ce, "Madam lakwal, ke dai ba su kalma, ni in ba su kwali." Lakwal wai makaranta, a bakin mutanen tsallake da yake yi wa dakon kaya. Yara kuwa Baban Kwali suke ce masa.

Na duba aljihun tebur. Saura hamsin cikin waɗanda ya yanka.

Talata, 7 ga Mayu, bayan la'asar

Ba labari. Kalmomin yau uku: ambaliya, fari, girbi.

Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Alhamis ranar kalmar kaka ce, kowa ya zo da kalmar da ya ji a bakin tsohon gidansu. Manu ya kawo akurki, ya ce nasu muzuru ya fasa shi jiya. Wata ta kawo mazari, rabin ajin ba su taɓa ganin ana kaɗi ba, sai da na zana a allo. Rabi'a, monitar ajina, ta kawo maburgi, har da shi a cikin jaka don kada a ce ƙarya take. An yi dariya, ni ma na yi, sai na tuna, na koma kan allo.

Yayan Baban Fati, Yaya Badaru, shi ke riƙe da wayar. Ya ce mutanen dajin sun kira. Na ce me suka ce? Ya ce, "Ke dai ki yi ta addu'a, Maman Fati." In aka ce maka haka ka san akwai abin da ba a so ka ji.

Fati ta ƙi cin tuwo. Shekararta huɗu, ta ce sai Baba ya zo ya hura mata.

Juma'a, 10 ga Mayu, sha biyun rana

Na kunyata kaina yau.

Juma'a muke zagayen igiya. In bi ta da sanda, in nuna kwali, in kira suna, yaro ya faɗi ma'ana da Turancinta da akasinta, sannan in karanta jimlar da ke ƙasa. Ina tafe ina yi ba tare da na duba ba, bakina ya riga idona. Kwalin "dawowa" ne, rubutun Manu tun watan Janairu: "Baban Kwali ya dawo daga Maraɗi ya kawo mana kwali mai yawa." Na karanta da ƙarfi, har ƙarshe.

Na ajiye sandar, na fita, na zagaya bayan aji na tsuguna na yi ta kuka kamar ba malama ba. Lois ce ta same ni a can. Ta cire ɗankwalinta ta miƙo mini na share fuska. Da na ɗan lafa ta ce, "Tashi 'yar uwa, na sallame su, ba wanda zai gan ki." Ƙarya take, duk suna maƙale a taga.

Ni na kafa dokar cewa jimla ta zama gaskiya. Ga ta nan ta same ni.

Lahadi, 12 ga Mayu, hantsi

Na ji muryarsa! Wallahi na ji. Yaya Badaru ya shigo da sauri ya kara mini wayar a kunne, ya ce minti ɗaya suka bayar. Muryar ta dushe, kamar wanda ya kwana biyu bai sha ruwa ba. Ya ce, "Ina Fati?" Na ce tana nan lafiya. Ya ce, "Inna fa?" Na ce lafiya. Sai ya ce, "Kwalayenki ba su ƙare ba ko?" Aka kashe.

Duk abin da na tanada zan faɗa masa kwana goma, ko ɗaya bai fito ba. Lafiya, lafiya, shi ke nan abin da na iya.

Ba su ƙare ba. Saura talatin da biyar.

Litinin, 13 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Akwai giɓi a igiya ta biyu. Kwalin nan na ranar Juma'a babu shi. Na ce ƙila iska ce, tagar gabas ba ta rufuwa. Ban neme shi ba.

Laraba, 15 ga Mayu, bayan azahar

Ba iska ba ce. Yau na ga giɓi huɗu. Babu "jira", babu "matafiyi", babu "direba". Zaren ma ba tsinkewa ya yi ba, kwance shi aka yi a hankali.

Na tambayi ajin. Shiru. Na ce yara sittin da uku, ba wanda ya ga komai? Shiru. Na ce to wallahi duk wanda na kama sai ya gane kurensa. Kai, yaran zamani! Mutum yana can inda yake, ba a san ko ya ci ko bai ci ba, su kuma suna nan suna kwashe aikin hannunsa, na tabbata wasan karta suke yi da su a bayan makaranta.

Saura wata ɗaya jarrabawa, kuma kalmomin nan duk suna cikin labaran da ake kawowa. Ba labari daga can.

Juma'a, 17 ga Mayu, sha ɗaya da rabi

Na kama ta. Rabi'a ce. Rabi'a da na ba makullin aji!

Na dawo daga ofis kafin a buga ƙararrawa, na tarar da ita a kan benci tana kwance zare. Tana ganina ta tura kwalin cikin hijabi. Na ce fito da shi. "Maraba" ne. Na ce ina sauran? Ta sunkuyar da kai. Na ce ba da ke nake ba? Ko uffan.

Na jira ajin ya cika, na tsayar da ita a gaba. Na ce ku kalli monitarku, ɓarauniyar kwali. Haka na ce, da bakin nan nawa. Na karɓe makullin na ba wata, na sa ta durƙusa a rana har aka tashi. Ba ta yi kuka ba. 'Yan ajin ne suka yi ta kallon ƙasa, wasu na share ido, abin ya ƙara ba ni haushi. Na jefa kwalin a kan tebur, kafin in dawo daga sallamar yara shi ma ya ɓace.

Ban yi zagayen igiya ba yau.

Asabar, 18 ga Mayu, da safe

Inna Safara'u, mahaifiyarsa, ta daina tambaya. Tana zaune da carbi, in waya ta yi ƙara ta ɗago kai, in ba ita ba ce ta mayar. Ni kuma na wanke rigunansa da suke a wanke.

Litinin, 20 ga Mayu, ƙarfe biyu

Rabi'a ta zo, ta zauna a bencin ƙarshe. Ta gaishe ni, ban amsa ba. Kwali saura ashirin, na rage zuwa kalma biyu a rana.

Ba labari. Kwana huɗu ke nan ba su kira ba.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan la'asar

Ya Allah, me na yi?

An tashi, ina haɗa littattafai, Lois ta shigo ta rufe ƙofa. Ta ajiye gwangwanin madara a kan teburina, ta ce, "Buɗe." A cikin tsohon kabad na ajinta ta same shi, bayan rijistocin bara. Na buɗe. Ga su nan duka, an jera su an ɗaure da kyalle don kada su lanƙwashe. Dawowa. Jira. Matafiyi. Direba. Kewa. Albishir. Maraba.

Ta ce, "Salmatu, ke da kike koyar da kalmomi, karanta su a jere mana." Na karanta. Na sake karantawa. Sai a lokacin na gani.

Ta ce ta ritsa 'yan mata biyu ta tambaye su. Ranar da na fita ina kuka, bayan an sallame su ba su tafi gida ba, taro suka yi a gindin dalbejiya. Duk ajin. Suka bi igiya a kansu suna tuno kalmomin da za su iya sa Malama kuka, da waɗanda sunan Baban Kwali ya fito a jimlarsu. Suka ce a riƙa cirewa ɗaya-ɗaya don kada in lura. Rabi'a ce mai makulli, ita ta ce za ta yi. Kuma don kada su manta da su a jarrabawa, a hanyar gida suke yi wa juna zagayensu da baki.

Yara sittin da uku, na tsare su da sanda, ba wanda ya tona. Ni kuwa na ce mata ɓarauniya.

Lois ta ce, "Kin san daga ina su Rabi'a suka dawo nan Magama, ko?" Na sani. Ni na rubuta sunanta a rijista shekara biyu da suka wuce, ni na bar gurbin sunan uba da "marigayi" a gaba. Na sani sarai, fushi ne ya rufe mini ido.

Alhamis, 23 ga Mayu, ƙarfe uku na rana

Ban iya ba da haƙuri ba, Baban Fati ma ya sani, ya sha cewa sai dai in dafa masa abin da yake so in yi shiru. Amma a gaban aji na zage ta, dole a gaban aji in wanke ta.

Na kira ta gaba. Ta fito tana ɗari-ɗari. Na ce, "Ku saurara. Rabi'a ba ɓarauniya ba ce. Ni ce na yi kuskure, na zalunce ta. Rabi'a, ki yafe mini." Na miƙa mata makullin. Sai yanzu ta yi kukan da ba ta yi a rana ba. Na rungume ta, muka yi tare, ban damu da masu kallo ba.

Da aka fita tara na ce ta tsaya. Na ce me ya sa ba ki faɗa mini ba? Ta ce, "Malama, in na hwaɗi ai kin ji su ke nan. Da anka tahi da Babanmu, Innarmu ko ƙarar babur ta ji sai ta shige ɗaka. Mu muka riƙa ce ma masu babur su kashe tun daga nesa." Yarinya 'yar shekara goma sha biyu.

Na ce to a mayar da su igiya. Ta girgiza kai. Ta ce, "Mun yi shawara. Sai ranar da Baban Kwali ya dawo. Ranar za mu rataye su duka, mu sa maraba a bakin ƙohwa, shi ya fara gani."

Na ce to. Me zan ce? Na mayar mata da gwangwanin.

Juma'a, 24 ga Mayu, sha biyun rana

Mun yi zagayen igiya. In na zo kan giɓi sai in tsallake, su ma su yi kamar ba su gani ba. Manu ya iya "ambaliya" har da akasinta. Sun kira jiya da yamma, Yaya Badaru ya ce yana raye.

Litinin, 27 ga Mayu, bayan azahar

An daidaita, in ji Yaya Badaru. Yadda aka yi da abin da aka rabu da shi, ba a nan zan rubuta ba. Mutum biyu sun tafi karɓo su tun da asuba.

Na share ɗaki har ƙarƙashin gado. Na yi kitso. Inna ta ce, "Maman Fati, ki bi a sannu." Ban bi a sannu ba, na jiƙa gero na fura, na sayo nono. A aji na kasa ɓoyewa, Rabi'a ta kalle ni ta kalli kabad ɗin da ta mayar da gwangwanin, na ɗaga mata kai kaɗan. Kafin a tashi na ga sun share bakin ƙofa sun buga sabuwar ƙusa.

Kwali saura goma. Zan ce masa saura kaɗan su ƙare, ya yi sauri ya warke ya koma bakin aikinsa.

Talata, 28 ga Mayu, la'asar

Ba su iso ba. Hanya ce, an ce.

Laraba, 29 ga Mayu, la'asar

Furar ta yi tsami. Na ba maƙwabta.

Alhamis, 30 ga Mayu, hantsi

Nagoggo ya dawo, ɗan kasuwar da aka tafi da su tare. Shi da ɗayan. Na ji guɗa daga unguwarsu na fita ba takalmi. Yana zaune a zaure an kewaye shi, ƙafafunsa duk sun kumbura. Yana ganina ya juyar da fuska bango.

Na ce, "Malam Nagoggo, sannu da zuwa. Ina ya tsaya?" Bai juyo ba. Yaya Badaru ya kamo gefen mayafina ya ce, "Mu je gida, Maman Fati."

Juma'a, 31 ga Mayu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 2 ga Yuni, bayan azahar

Babu abin da aka kawo da za a kai makwanci. Liman ya ce a zauna karɓar gaisuwa. Tsakar gida ta sake cika, matan nan dai, yanzu ya haƙuri suke cewa. Wai tun kafin a daidaita ne, zazzaɓi ne, kwana uku. Wato ranar da nake kitso ya riga ya cika.

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma. Za a yi jarrabawa ba ni, Lois za ta kai su.

Fati ta tambaya sau biyu. Inna ce ta amsa mata, ni na kasa. An yi ruwan farko jiya, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya fita shuka.

Talata, 4 ga Yuni, bayan la'asar

Lois ta zo gaisuwa, da Rabi'a a bayanta. Ta ce duk ajin suka so zuwa, ta hana, ta ce su wakilta mutum ɗaya. Rabi'a ta durƙusa ta ce, "Malama, ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi." Ta iya gaisuwar mutuwa kamar babba. Sai ta fito da gwangwanin daga hijabi ta ajiye a gabana.

Ta ce, "Malama, yanzu ya za mu yi da su?"

Na daɗe ina kallonsa. Zuciyata cewa take in riƙe, in tura ƙarƙashin gado, kada wani yaro ya ƙara furta su. Amma saura kwana goma sha ɗaya jarrabawa, kuma za su girma, za su jira wani, za su yi kewar wani, wani zai dawo musu. Na ce, "Ki mayar da su igiya, kowanne a gurbinsa. Ranar Juma'a Malama Lois ta yi muku zagaye, kada ta tsallake ko ɗaya."

Ta ce, "Har da na Manu? Jimlarsa ta ce ya dawo."

Na ce, "Ai ya dawo ranar. Da idonku kuka gan shi da kwali a kai. Gaskiya ce, a bar ta."

"Maraba fa? Mun riga mun buga ƙusa."

Lois ce ta ce, "A rataye ta a nan bakin ƙofar. Malamarku za ta dawo."

Da za su tafi Lois ta zaro sauran kwalayen da ba a rubuta ba daga jakarta, ta ce ta kwaso daga aljihun teburina, ko zan so in ajiye. Na ce ta kai wa yara, don su ya yanka. Na zare ɗaya kawai.

Lahadi, 9 ga Yuni, da yamma

Yanzu ne lokacin da yake zama a ƙofar ɗaki da wuƙarsa. Na zauna a wurin da kwalin da na zare. A karkace yake, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bayansa da rabin hoton taliya.

Shekara bakwai da aurenmu ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka taso, mace ba ta kiran sunan miji. Kafin Fati "maigida" nake cewa, ko in ce "ka ji". Ya sha tsokanata, wai malama guda, ta san kalma dubu, ta kasa guda ɗaya. In ce masa ya jira, wata rana. Ko a littafin nan da ba mai karantawa, na duba tun daga farko, ban rubuta ba.

Na ɗauki biro na rubuta a gaba, da manyan baƙaƙe yadda nake yi wa yara: UMMARU. Bayansa kuwa na bar shi haka, sunan ba shi da Turanci. Saura jimla, kuma dole ta zama gaskiya. Na fara guda uku a raina, duk suka ƙi ƙarasuwa.

Na rubuta: Ummaru ne ya yanka wannan kwali.

Fati ta zo ta jingina da ni, ta ɗora yatsa a kai ta ce, "Mama, mi aka rubuta?" Na karanta mata da ƙarfi.